Kalangun da Ya Zagi Alhaji Auwal

Shagon Malam Usman mai gyaran rediyo a Rafin Guza bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, amma kaf layin babu inda ya kai shi surutu. In ya gyara rediyo ba ya kashe ta. Ya ce sai ta yini tana magana zai yarda ta warke. Saboda haka kullum akwai uku ko huɗu a kan kanta, wannan tana karanta labarai, waccan tana gaishe-gaishe, ga rikoda a gefe tana juya kaset. Maƙwabta sun yi ƙorafi har sun haƙura. A cikin wannan hayaniya ɗansa na uku, Sharhabil, ya buɗe ido, kuma abin da ke sa wa jama'a ciwon kai shi daɗinsa yake ji.

Yana ɗan shekara goma sha ɗaya, wata Asabar mahaifinsa ya tafi kasuwa sayen kayan gyara, ya bar masa gadin shago. Rikoda biyu ne a kan tebur. Ɗaya ta wani ɗalibi ce, da kaset ɗin gambarar Amurka a ciki, irin wadda samari ke kira hip-hop. Ɗayar ta Jamilu tela ce, tana ɗauke da kiɗan ƙwarya na wasu mata. Sharhabil ya kunna su duka, kamar yadda ya saba gani. Can sai kiɗan biyu suka zo daidai, dukan ƙwarya ya faɗa tsakanin dukan gangar Amurka kamar da ma an auna masa wurin. Ba su yi daƙiƙa goma tare ba suka rabu, don matan sun fi sauri. Amma tsigar jikin yaron ta riga ta tashi.

Ya san akwai wani ɗan noti a jikin injin da ke juya kaset, wanda Baba ke murɗawa in sauti na gudu ko yana ja. Ya ɗauki sukudireba ya kwance rikodar tela. Ya murɗa ya saurara, ya ƙara murɗawa, har matan suka rage sauri suka jera da mutanen Amurka. Ya yini yana ji. Da yamma ya ɗaure rikodar, bai mayar da notin yadda ya same shi ba.

Jamilu tela ya karɓi rikodarsa, washegari ya dawo da ita a hammata.

"Malam Usman, ni dai na kawo ta ne don tana cin kaset," ya ce. "Yanzu ba ta ci, na gode. Amma duk matan da ke waƙa a ciki sun koma maza."

Sharhabil ya sha jan kunne. Bayan tela ya tafi, uban ya ce ya nuna masa abin da ya yi. Ya saurara yana shafa gemu, ya ce, "To, wannan me zai amfana wa mutum?" Duk da haka, kafin sati ya zagayo, Malam Usman ya zaro wasu rikododi biyu da suka daɗe a mace ƙarƙashin benci, ya tashe su, ya ce ga nasa nan, ya fita harkar kayan mutane.

Mahaifiyarsa Kulu, wadda suke kira Inna, ita ta raɗa masa sunan da ya bi shi. Tana sayar da kwaɗon zogale da na rama a ƙofar gida. Wata rana tana cuɗa ganye da ƙuli a roba, shi kuma yana tsakar gida da rikodarsa biyu, sai ta ce, "Kai, ashe sana'ata ka sace. Wannan daban, wancan daban, ka zuba a wuri guda ka cuɗa. Ai kwaɗo kake yi." Yayyensa suka kama, layi ya kama, kafin ya shiga sakandare har malamai Kwaɗo suke kiransa.

Ya yi difloma a aikin lantarki, don Baba ya ce ba zai yarda da sana'ar da ba ta da takarda ba. Da ya gama sai ya kafa rumfar tura waƙa a waya a Malali, kusa da wani mai aski. Ya samu kwamfutar cinya ta hannu, wadda wani baƙin layi ya raba fuskarta biyu, haruffa uku kuma sun fita. A kanta ya koyi yanka sauti da ɗinke shi. Duk wanda ya kawo waya a zuba masa waƙoƙi, sai Sharhabil ya ƙara masa kwaɗonsa ɗaya ko biyu ba tare da ya tambaya ba. Wasu su dawo su ce ya goge musu wannan shirmen. Wasu su dawo su ce ko akwai wani.

Da ya ga masu cewa ko akwai wani sun fi yawa, sai ya ba wani mai zane aikin allo, ya ce a rubuta DJ Kwaɗo. Mai zanen bai tambayi wane kwaɗon ba. Ya zana masa ƙaton kwaɗon rafi, kore shar, ya sa masa abin sauraro a kunne, ya buɗe masa baki yana dariya. Sharhabil ya tsaya yana kallon allon. Mai aski ya leƙo ya ce wallahi har kama suke. Haka aka rataye shi.

Bikinsa na farko a Unguwar Rimi ne, gidan wani babban ma'aikacin gwamnati mai ritaya. DJ ɗin da aka kira daga Zariya motarsa ta lalace a hanya, wani direban gidan ya ce ya san wani yaro a Malali. Aka kwaso Sharhabil da sifikun aro ƙarfe biyu na rana. Ya tarar an kafa rumfuna biyu a harabar gida, iyaye mata a dama, ƙawayen amarya a hagu. Ƙanwar amarya, wata siririyar yarinya mai suna Lubna, ita aka mayar 'yar aike.

"Su Hajiya sun ce ka sa musu na gargajiya."

Ya sa. Iyaye suka fara gyaɗa kai, 'yan mata suka duƙufa a wayoyinsu.

"Ƙawaye sun ce wai ba zaman makoki suka zo ba."

Ya canza. 'Yan mata suka miƙe, iyaye suka haɗe rai.

A zuwa na bakwai Lubna ta tsaya gaban teburinsa, ta cire takalmi ɗaya ta riƙe a hannu.

"Malam, ƙafata ta gaji," ta ce. "Ka san yadda za ka yi da su. Ni na daina."

Sai ya buɗe wani kwaɗon da bai taɓa sawa a gaban jama'a ba: kiɗan ƙwarya a sama, gangar hip-hop mai nauyi a ƙasa, muryar wata zabiya ta da tana shiga tana fita. Kowane ɓangare ya kasa kunne yana ƙoƙarin gane ko nasa ne. Sai wata gwaggon amarya, mai jiki, ta gyara ɗaurin zaninta ta shigo fili. 'Yan mata suka zagaye ta. Kafin magariba ba ka iya cewa ga rumfar iyaye ga ta yara. Da zai tafi, mata huɗu suka karɓi lambarsa saboda bukukuwan 'ya'yansu. Shi kuma lamba ɗaya ya roƙa, ta 'yar aike, ta ce sai ta yi shawara da ƙafarta.

Daga nan aiki ya buɗe. Ya bar rumfa ya kama ɗaki a bayan wani shagon magani a Malali, ya manna katifun soso a bango, ya kira shi situdiyo. Samari masu gambara da Hausa suka fara zuwa yana haɗa musu kiɗa. Amma abin da ya kai sunansa ko'ina a Kaduna ya fito ne daga kwalin shara. Lokacin mutane sun daina kawo rediyo gyara, Malam Usman ya koma gyaran fanka da fitilar caji. Yana share shago ya tara kasakasan da masu su ba su dawo nema ba, ya ce a ƙona. Sharhabil ya kwashe su. A ciki akwai wani marar rubutu, kalangu zalla, babu waƙa babu magana, an ɗauke shi a cikin taro don ana jin guɗa daga nesa. Hannun makaɗin ya burge shi. Ya zaɓi wani ɗan yanki ya ɗora a kan ganga, sai ya ga ya ɗan yi tsawo, ba ya shiga awon kiɗan. Ya gutsure kaɗan daga tsakiya, ya haɗe bakin, ya zauna daram. Ya sa shi yana maimaituwa, samari biyu suka yi baitoci a kai, ya sa masa suna Rafin Guza Ɗaya.

Cikin wata guda babu Keke Napep ɗin da kiɗan ba ya tashi a ciki. Masu aski, masu wankin mota, 'yan makaranta, kowa. Abu ɗaya ne ya ɗan ɗaure wa Sharhabil kai. Mai tsiren bakin titinsu, duk lokacin da kiɗan ya tashi, sai ya ajiye wuƙa ya riƙe ciki yana dariya. In Sharhabil ya tambaye shi, sai ya ce, "Babu komai, Kwaɗo. Kai dai Allah ya tsare ka da hanyar kwata." Kwata kuwa ita ce mayanka, shi kuma bai ga abin da zai kai shi can ba, sai ya share.

Wata uku da fitowar kiɗan, da hantsi, wani dogon tsoho ya yi sallama a ƙofar situdiyo. Yana rataye da wani abu a cikin tsohuwar rigar matashin kai.

"Kai ne Kwaɗo?"

"Ni ne, Baba. Bismillah, ga kujera."

"Sunana Bala. Sa mini abin nan naka da masu keke ke sawa."

Sharhabil ya sa. Tsohon ya saurara, fuskarsa a yamutse.

"Tsaya haka nan. Hannuna ne wannan."

Sharhabil ya miƙe tsaye. Ya fara ba da haƙuri, ya ce kaset ɗin ba shi da suna, da ya san mai shi da ya nemi izini, kuma yanzu ma a shirye yake ya sa sunan Baba a kan waƙar, duk abin da ya kamata a yi.

"Sunana?" in ji tsohon. "Allah ya kiyaye a sa sunana a kan wannan. Zauna. Ka san me ya ce?"

"Wa, Baba?"

"Kalangun."

"Ai kiɗa ne kawai."

Baba Bala ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Shekararka nawa?"

"Ashirin da bakwai."

"Kuma a garin nan aka haife ka."

Ya zare kalangu daga rigar matashin, ya saƙala a hammata, ya matse tsarkiya. Ya yi masa bayani kamar mai koya wa ɗan fari. Kalangu magana yake yi, ya ce. Kiɗan mahauta ne tun asali, kuma kowane mahauci mai suna yana da takensa, wato kirarin da ganga ke yi masa. Ya buga a hankali, yana bi da baki:

"Auwal na Hauwa'u, ba ka sai da mushe."

Ya sake bugawa, har Sharhabil ya fara jin kalmomin a cikin fatar.

"To yanzu ga naka." Ya buga, ya tsallake tsakiya. "Auwal na Hauwa'u, sai da mushe. Ina ka kai 'ba ka'?"

"Ya yi tsawo ne, Baba. Bai shiga awo ba."

"Sai ka yanke."

"Sai na yanke."

"Sau nawa yake faɗa a cikin waƙar?"

Sharhabil ya dubi fuskar kwamfuta, ya ƙirga, muryarsa ta yi ƙasa. "Sittin da huɗu."

Ya tambaya a hankali ko wannan Auwal ɗin Allah ya yi masa rasuwa. Baba Bala ya ce yana nan da ransa da lafiyarsa, shi ne babba a cikin mahautan kwata, kuma ranar aurensa da Hauwa'u aka ɗauki kaset ɗin, shekara talatin da wani abu. Ya ce wata uku ke nan Alhaji Auwal yana zaton shi Bala ne ya juya masa take, har ya daina amsa gaisuwarsa.

"Ni ban zo faɗa ba," ya ce yana mayar da kalangu cikin rigarsa. "Na zo ne in tafi da kai ka faɗa masa da bakinka."

Da Malam Usman ya ji labari, bai yi faɗa ba. Ya ciro rigarsa ta Juma'a ya ce tare za su. Inna kuwa dariya ta yi har da hawaye, sannan ta ce su yi addu'a kafin su fita.

Suka sami Alhaji Auwal a zaune kan benci a ƙofar rumfarsa, ƙaton mutum mai siririyar murya. Ya bar su a durƙushe ya gama sallamar masu saye, sannan ya juyo. Malam Usman ya gabatar da kansa, ya ce ga mai laifi ya kawo. Sharhabil ya faɗi komai, tun daga kwalin kaset har zuwa gutsurewar. Yaran kwata suka daina aiki suka matso.

"Shekara arba'in ina yanka," Alhaji ya ce. "Ko akuya mai tari ban taɓa sayar wa mutum ba. Yau ga shi yaran nan da kake gani, kowanne in an kira wayarsa kiɗanka ne ke tashi. In na wuce su sunkuyar da kai. Wannan duk na shanye. Ranar Juma'a na koma gida na tarar da jikokina a tsakar gida suna taka rawa ana zagina, Hajiya Hauwa'u tana yi musu tafi. Su ba su sani ba. Ita kuwa tana jin kalangu sarai."

Wani yaro ya kasa riƙewa ya fashe da dariya, ya ruga bayan rumfa. Sharhabil ya ga gefen bakin Alhaji ya motsa, amma bai yarda ya ɗago kai sosai ba.

Alhaji ya juya ga Baba Bala ya ce ya yafe masa zargin da ya yi masa. Sannan ya dawo kan Sharhabil.

"Abu biyu. Ka mayar mini da 'ba ka' ɗina inda ka same shi. Kuma bayan babbar Sallah ina aurar da jikata Fiddausi. Kai za ka yi kiɗan, a gaban mutanen nan duka, su ji an gyara."

Da za su tafi ya sa aka ƙunshe musu tsoka mai kyau a takarda. Ya miƙa wa Malam Usman ya ce, "A kai wa iyali. Ba mushe ba ne."

Sharhabil ya ɗauka gyaran aikin yini ɗaya ne. Sati uku ya ci. Baba Bala ya ƙi a yi amfani da tsohon kaset, ya ce tun da yana raye zai buga sabo. Kullum da safe yana zuwa, ya zauna a tsakiyar ɗakin yana ƙorafin cewa soson bango yana shanye masa sauti. Aka sa masa abin sauraro a kunne ya ji bugun da zai bi, ya cire ya ajiye.

"Ni ba na bin inji," ya ce. "Injin ya bi ni."

"Baba, awon nan huɗu-huɗu ne. Naka ya wuce."

"To ka faɗaɗa ɗakinka. Baƙo ba a rage masa ƙafa don ya shiga."

Sharhabil ya rushe gangarsa ya sake ginawa ya fi sau ashirin. A ƙarshe ya gane cewa in ya bar ganga ta yi shiru daidai kan "ba ka", kalangu ya faɗe shi shi kaɗai, sannan komai ya dawo da ƙarfi, abin yana fin na da daɗi nesa ba kusa ba. Ranar da ya dace da wannan, tsohon ya saurara har ƙarshe, sai ya ce a sake sawa. A tsakanin aiki kuma yana koya masa taken maƙera, da na manoma, da na 'yan dambe, har kunnen Sharhabil ya buɗe. Ya koma ya saurari tsofaffin ayyukansa ɗaya bayan ɗaya, ya gano guda biyu da ya janye shiru bai gaya wa kowa dalili ba.

Ranar bikin Fiddausi, bayan la'asar, mahautan garin suka cika layi. Sharhabil na bayan tebur, Baba Bala na gefensa da kalangu. Da aka zo wurin, ganga ta ɗauke, kalangu ya ce "ba ka" shi kaɗai a fili, taron ya ɗauki sowa. Alhaji Auwal ya miƙe da babbar rigarsa, ya yi taku uku, ya juya, ya koma ya zauna. Waɗanda suka san shi sun ce rabonsa da rawa tun ranar da aka ɗauki wancan kaset. Sabon kiɗan ya bazu, sai dai tsohon bai mutu ba, don abin da ya shiga wayoyin mutane ba ya fita. Har yau akan ci karo da shi a keke. Alhaji ya ce a bar shi, ai duk mai kunne ya san gaskiya.

Shekarun da suka biyo baya Sharhabil ya yi kiɗa a Zariya da Jos da Abuja, wani gidan rediyo mai zaman kansa ya ba shi awa ɗaya duk Asabar da rana. Baba Bala yana binsa inda bai yi nisa ba, sunansa kuma yana kan duk abin da ya buga, da izininsa. An gayyaci Sharhabil Legas ya yi wata biyar yana haɗa wa mawaƙa kiɗa. An karɓe shi da kyau, amma cikinsa bai taɓa shiri da abincin can ba, kuma Lubna, wadda ta gama karatun jinya a lokacin, ta aika masa cewa shawarar da take yi da ƙafarta ta ƙare, in yana so ya turo, in ba ya so akwai wani likita da ke yawan gaishe ta. Ya hau mota washegari.

Wajen neman aure, mahaifin Lubna ya tambayi sana'ar yaro. Kawun Sharhabil ya buɗe baki zai ce DJ, Malam Usman ya riga shi.

"Injiniyan sauti ne, ranka ya daɗe. Da takardarsa."

Tsohon ma'aikacin ya gyara tabarau ya ce, "Ba shi ne ya tayar da yayata rawa a harabar nan ba?" Aka ce shi ne. Ya ce to ya san shi, a ci gaba da magana.

Yanzu suna zaune a Malali da 'ya'ya biyu. Situdiyon ya koma ɗaki biyu da falo, kuma rabin aikinsa ya zama bin tsofaffin makaɗa yana ɗaukar su tun suna da ƙarfi: mai garaya a Kawo, mai kukuma da ya koma gadi, wasu 'yan gurmi biyu da ba sa ga maciji da juna, sai an ɗauke su rana daban-daban. Na baya-bayan nan su ne matan shantu na Rafin Guza, ƙawayen Inna, waɗanda ke buga dogon goran nan a cinya in sun taru a cikin gida. Shugabarsu, Goggo Safiya, ta ce sun yarda a ɗauka, amma namiji ba zai shigar musu ba. Sharhabil ya tuna mata cewa ita ta riƙa yi masa wanka yana jariri. Ta ce ta sani, shi ya sa ma aka yarda ya zauna a soro.

Sai ya sayi waya mai tsawon yadi talatin. Ranar da Lubna ba ta da aikin asibiti, ita ke shiga da makirfo, shi yana soro kan tabarma da kwamfuta a cinya, waya ta bi ta ƙarƙashin labule ta ratsa tsakar gida. In an yi kuskure ya aika, in sun gaji su aiko. Ranar Lahadin da ta wuce suka ce ba za su ƙara buga ko ɗaya ba sai sun ji abin da yake yi da na baya. Ya tura ƙaramar sifika ciki, ya kunna musu shantunsu a kan ganga. Ya zauna yana jira, yana tunanin ta inda zai fara ba da haƙuri. Kiɗan ya ƙare. Can Lubna ta ɗaga labule, tana danne dariya.

"Me suka ce?"

"Goggo Safiya ta ce a gaya maka shantu ya fita. Amma wannan dum-dum ɗin naka na ƙasa ya yi kaɗan, ba ta jin sa a ƙirji. Ka ƙara."

Ya ƙara, ya sake kunnawa. Daga cikin gida wata ta rangaɗa guɗa.